Hugh Clifford: Gwamnan da Ya Mulki Nijeriya da Singafo

Ya ku ɗalibai, idan kun duba taswirar Asiya za ku ga wani ɗan tsibiri a ƙarshen yankin Malaya, wato Malesiya ta yau. Sunansa Singafo. Birni ne, kuma ƙasa ce mai cin gashin kanta. Tana kusa da tsakiyar duniya, saboda haka babu hunturu a can, babu rani irin namu. Kullum zafi ne da gumi, ruwan sama kuwa yana iya sauka a kowane wata. Daga Arikya zuwa can tafiya ce mai nisa ƙwarai. Amma akwai mutum ɗaya da tarihinsa ya haɗa ƙasarmu da wannan tsibiri. Shi ne Hugh Clifford.

An haifi Clifford a Landan ranar 5 ga Maris, 1866. Mahaifinsa babban hafsan soja ne. A 1883, yana ɗan shekara 17, ya tafi Malaya ya kama aikin mulkin mallaka a jihar Perak. Yawancin Turawan mulki sukan zauna a unguwarsu, su yi magana da talakawa ta bakin tafinta. Shi kuwa ya shiga cikin Malayawa, waɗanda Musulmi ne. Ya ci abincinsu, ya kwana a ƙauyukansu, ya koyi harshensu har ya ƙware. Daga baya shi da abokin aikinsa Frank Swettenham suka soma rubuta ƙamus na Malayanci da Turanci, ko da yake ba su kammala ba. Ya kuma rubuta littattafan labarai game da rayuwar mutanen.

Sanin harshe shi ya ɗaukaka shi. A 1887 aka aike shi wurin Sarkin Pahang, ya shawo kansa ya ƙulla yarjejeniya da Ingila. To, a nan ya kamata ku lura. Harshen da ya sa mutane suka saki jiki da shi, da shi ya yi amfani wajen shigar da ƙasarsu hannun Turawa. Da wasu sarakunan Pahang suka yi tawaye a 1891, yana cikin waɗanda suka murƙushe su.

Bayan ya yi aiki a wasu ƙasashe, ya zama Gwamnan Gana a 1912. A 1919 aka kawo shi Nijeriya, ya gaji Lugga. Abubuwa biyu ne suka fi sa a tuna da shi a nan, kuma duka a 1922 suka faru.

Na farko, a ranar 5 ga Maris ya buɗe Kwalejin Katsina don horar da malamai. A wannan makaranta Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam suka yi karatu. Ita ce daga baya ta zama Kwalejin Barewa da ke Zariya.

Na biyu, ya kawo tsarin mulkin da ake kira da sunansa. Wannan tsari ya kafa majalisar dokoki mai wakilai 46, amma huɗu kacal jama'a ke zaɓa: uku daga Legas, ɗaya daga Kalaba. Ba kowa ke jefa ƙuri'a ba, sai namijin da ke samun fam 100 a shekara. Majalisar ba ta yi wa Arewa doka, Gwamna ne ke yi shi kaɗai. Wato mutanen Lafiya da Kano da Sakkwato ba su da bakin magana a cikinta. Duk da haka, ƙofar da ya buɗe ba ta sake rufuwa ba. A 1923 Herbert Macaulay ya kafa jam'iyyar siyasa ta farko a Nijeriya, aka kuma yi zaɓe.

Clifford ya bar Nijeriya a 1925, ya yi shekara biyu a Siri Lanka. A 1927 burinsa ya cika, aka mai da shi Malaya a matsayin Gwamna, mazauninsa a Singafo. Tun 1819 Stamford Raffles ya kafa wa Ingila tashar ciniki a tsibirin. Lokacin da Clifford ya koma, ta zama ɗaya daga cikin manyan tashoshin jiragen ruwa na duniya. Ta nan ake fitar da roba da kuza na Malaya. Sinawa ne suka fi yawa a birnin, ga Malayawa, ga Indiyawa, ga Larabawa, kowa da unguwarsa da wurin ibadarsa. Gidan da ya zauna a ciki yana nan har yau. Ana kiransa Istana, wato fada da Malayanci, kuma shi ne fadar shugaban ƙasa.

Zamansa bai yi tsawo ba. Ya daɗe yana fama da larurar ƙwaƙwalwa, wadda ke sa shi zumuɗi wani lokaci, wani lokaci kuma baƙin ciki mai tsanani. A Singafo ciwon ya yi ƙarfi, dole ya ajiye aiki a 1929 ya koma Ingila. Ya mutu ranar 18 ga Disamba, 1941. Bayan wata biyu sojojin Japan suka ƙwace Singafo daga hannun Ingila.

In Allah ya kai ɗayanku Singafo, zai ga wani tsohon gini a bakin teku mai suna Clifford Pier. An buɗe shi a 1933, kuma shekaru da yawa ta nan baƙi ke sauka daga jirgin ruwa. Zai kuma tarar da harsunan hukuma huɗu: Turanci, Malayanci, Sinanci da Tamil. Kowane yaro a makaranta yana koyon biyu.

Nijeriya ta sami 'yanci a 1960, Singafo a 1965. A watan Janairu 1966 aka yi taron shugabannin ƙasashe rainon Ingila a Legas. Mai masauki shi ne Firayim Minista Tafawa Ɓalewa, tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina. Cikin baƙinsa akwai Lee Kuan Yew, Firayim Ministan Singafo. Ƙasashe biyun da Clifford ya mulka ba tare da izinin mutanensu ba, ga su zaune suna magana da bakinsu.

Ku da kuke koyon Hausa, ku riƙe wannan. Harshen wani mabuɗi ne, yana buɗe gida, yana buɗe zuciya. Abin da mutum zai yi bayan ya shiga, shi ne ke nuna halinsa.

Tambayoyi

1. Ta yaya Clifford ya bambanta da sauran Turawan mulki a Malaya?
2. Su wa ke da ikon jefa ƙuri'a a tsarin mulkin 1922?
3. Me ya sa ya ajiye aiki a 1929?
4. A ganinku, sanin harshen mutane ya isa ya sa shugaba ya yi musu adalci? Ku kawo dalili.