JOSEPH MARIE JACQUARD (1752-1834): MASAƘIN DA YA KOYA WA INJI KARATU

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ɗaga shadda ya dube ta a hasken rana zai ga zane-zanen furanni ko taurari suna walƙiya a jikinta. Waɗannan zane-zane ba rini ne ya fito da su ba, ba kuma aikin allura ba ne. A cikin saƙar suke, domin hawa da saukar zare ne suka haifar da su. Injin da ke yin irin wannan saƙa, ko a ƙasar Ostiriya yake ko a ƙasar Sin, har yau ana kiransa da sunan wani masaƙi Bafaranshe, watau Joseph Marie Jacquard. Amma ba a shadda kaɗai gadon wannan bawan Allah ya tsaya ba. Dabarar da ya ɗora wa masaƙarsa, ta rubuta umarni a jikin kati domin inji ya bi shi daki-daki, ita ce tushen yadda manyan masana'antu ke sarrafa injunansu da kwamfuta a wannan zamani. Saboda haka ya dace a san ko shi wane ne, da abin da ya ƙirƙiro, da kuma abin da ƙirƙirar tasa ta jawo wa abokan sana'arsa.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Jacquard ranar 7 ga watan Yuli, 1752, a birnin Liyon na ƙasar Faransa. Ainihin sunan gidansu Charles ne, Jacquard kuwa laƙabi ne da ya bi zuriyarsu har ya danne sunan yanka. Mahaifinsa ƙwararren masaƙin siliki ne mai masaƙa ta kansa. Su tara aka haifa, amma daga shi sai 'yar'uwarsa guda suka kai girma. Mahaifiyarsa ta rasu a 1762, yana ɗan shekara 10. Bai shiga makaranta ba, har sai da ya kai kimanin shekara 13 sa'an nan mijin 'yar'uwarsa, wanda yake mai buga littattafai ne, ya ɗauki nauyin koya masa karatu da rubutu.

Birnin da ya tashi a cikinsa kuwa, ba shi da wata sana'a da ta kai saƙar siliki. Attajirai ne ke sayo zare, su zaɓi zane, su ba masaƙa aiki, su biya su lada gwargwadon tsawon abin da suka saƙa. Saƙar da ta fi kowacce tsada ita ce mai zane, ita ce kuma ta fi kowacce wahala. Dalili kuwa shi ne, kafin kowace jifa ta ƙoshiya, dole a ɗaga wasu zaɓaɓɓun zaruruwan tsaye a bar wasu a ƙasa, kuma waɗanda za a ɗaga a wannan jifa ba su ne na jifa ta gaba ba. Masaƙi shi kaɗai ba zai iya wannan ba. Sai an sa masa mataimaki, galibi yaro ko yarinya, wanda zai wuni yana jan igiyoyi masu nauyi bisa tsarin da aka ƙulla. Idan mai ja ya yi kuskure sau ɗaya, zane ya ɓaci. Idan kuma za a sauya zane, sai an kwance igiyoyin nan an sāke ƙulla su, aikin da kan ci kwanaki masu yawa masaƙa na zaune ba ta komai.

Shekarun Wahala

Mahaifinsa ya rasu a 1772, ya bar masa gida da kayan saƙa da gonar inabi. A 1778 ya auri wata bazawara mai suna Claudine Boichon, wadda ita ma tana da abin hannunta, suka haifi ɗa namiji a shekarar da ta biyo baya. Sai dai fa harkokin kasuwancin da ya shiga ba su karɓe shi ba. Bashi ya yi masa katutu, aka kai shi gaban shari'a, har ta kai ga sayar da abin da ya gada. Mutumin da zai yi suna a duniya ya shafe fiye da rabin rayuwarsa ba wanda ya san da zamansa sai masu binsa bashi.

Ana cikin haka sai juyin juya halin Faransa ya ɓarke a 1789. A 1793 mutanen Liyon suka yi wa gwamnatin Faris tawaye, aka turo runduna ta kewaye birnin har ya faɗi a watan Oktoba. Jacquard da ɗansa suna cikin waɗanda suka tsaya kare birnin. Da aka ci garin, aka shiga kashe waɗanda ake zargi, sai suka sulale suka shiga rundunar gwamnati domin su tsira da rayukansu. A fagen fama ne ɗan nasa tilo ya rasu. Jacquard ya komo Liyon ba ɗa, ba dukiya, ya tarar yaƙi ya durƙusar da sana'ar siliki, ga shi kuma shekarunsa sun doshi hamsin. A wannan hali ne ya mai da hankalinsa kan gyaran masaƙa.

Ƙirƙirar Masaƙa Mai Kati

A 1800 ya yi rajistar masaƙarsa ta farko, wadda aka nuna a bikin baje kolin masana'antu na birnin Faris a 1801, ta samo masa lambar yabo ta tagulla. Bayan wannan ya ƙera wani inji na saƙa komar kamun kifi. Wannan ne ya sa aka gayyace shi Faris, inda ya sami damar shiga ma'ajiyar injuna ta gwamnati. A can ya yi arba da wata tsohuwar masaƙa da aka jingine, ta wani gwanin ƙere-ƙere mai suna Jacques de Vaucanson.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya, domin da tsohuwar zuma ake magani. Ba Jacquard ne ya fara tunanin huda takarda domin sarrafa zare ba. Tun a 1725 wani mutumin Liyon, Basile Bouchon, ya yi amfani da doguwar takarda mai huji wajen zaɓen igiyoyin da za a ja. A 1728 Jean-Baptiste Falcon ya musanya takardar da katuna masu ƙwari da aka ɗinke su jere. Shi kuma Vaucanson, a 1745, ya ɗora na'urar a saman masaƙa yadda za ta yi aiki ba da mataimaki ba, sai dai ya yi amfani da ganga mai huji, wadda ba ta iya ɗaukar zane mai tsawo. Kowannensu ya kamo gefe guda. Abin da Jacquard ya yi a wajejen 1804 shi ne haɗa katunan Falcon da tsarin Vaucanson, aka sami na'ura guda wadda masaƙi ɗaya zai tafiyar da ita da ƙafarsa.

Ga yadda take aiki. Ana fara zana hoton da ake so a takarda mai ƙananan gidaje, kowane layi na gidajen yana matsayin jifa ɗaya ta ƙoshiya. Daga nan sai a huda kati ɗaya domin kowane layi, a ɗinke katunan bi da bi kamar sarƙa. A saman masaƙa akwai wani katako mai fuska huɗu wanda ke juyawa yana kawo kati ɗaya bayan ɗaya, yana manna shi a bakin wasu allurai da ke kwance a jere. Kowace allura tana riƙe da ƙugiya, kowace ƙugiya kuma tana ɗaure da zaren tsaye. Inda allura ta sami huji sai ta shige, ƙugiyarta ta tsaya a wurinta, wani ƙarfe mai tashi sama ya ɗauke ta tare da zarenta. Inda babu huji kuwa, sai kati ya tura allurar baya, ƙugiyar ta kauce, zare ya zauna a ƙasa. Masaƙi ya jefa ƙoshiya, ya taka, kati na gaba ya zo.

Hikimar da ke cikin wannan ta wuce sauƙaƙa aiki. A da, zane yana cikin ƙullin igiyoyi da hannun mai jansu. Yanzu kuwa an raba zane da masaƙa. Ana iya cire sarƙar katuna a ajiye, a sa wata, masaƙar da ta saƙa furanni jiya ta saƙa tsuntsaye yau. Ana iya kwafar katunan a aika wani gari. Dukkan ƙawar zanen kuma an mai da ita tambaya ɗaya tak da ake maimaitawa sau dubbai: akwai huji ko babu?

Ɗaukaka da Adawa

A watan Afrilu na 1805 Sarki Napoliyon ya ziyarci Liyon, aka nuna masa masaƙar. Gwamnati ta mallaka wa birnin haƙƙin wannan ƙirƙira domin kowane masaƙi ya amfana, aka yanka wa Jacquard fansho na faran 3,000 a shekara har ƙarshen rayuwarsa, da kuma faran 50 a kan kowace masaƙa da aka kafa cikin shekara shida. Duk da haka, na'urar ba ta karɓu nan take ba, domin a farko takan cije. Sai da wani makaniki mai suna Jean Antoine Breton ya gyara yadda katunan ke juyawa, a wajejen 1815, sa'an nan ta bazu sosai, har ta ƙetara zuwa Ingila. A 1819 aka ba Jacquard lambar girmamawa ta ƙasar Faransa.

Amma abin da ya yi wa wani daɗi, wani kuka ya sa shi. Masu jan igiya sun ga cewa abincinsu ne na'urar ta zo ɗauka, masaƙa da dama kuma suka ƙi jinin Jacquard, suna ganin ɗan'uwansu ya haɗa kai da attajirai. Ba za a ce tsoronsu ba shi da tushe ba, domin sana'ar jan igiya ta mutu murus, ko da yake wasu sababbi sun tsiro, kamar huda katuna da gyaran na'urar. Ita kanta sabuwar masaƙar tana da tsada da tsawo, har sai da aka riƙa gina gidaje masu dogon rufi, kimanin mita 4, a unguwar Croix-Rousse domin ta sami wurin tsayawa. Saƙa ta yawaita, amma attajirai ne ke yanka lada, ladan kuwa ya yi ta raguwa. A watan Nuwamba na 1831 masaƙan Liyon suka yi bore a kan batun lada har suka karɓe birnin na 'yan kwanaki, kafin soja su zo. Suka sāke tashi a watan Afrilu na 1834, aka murƙushe su da zubar da jini. Wata huɗu bayan haka, ranar 7 ga watan Agusta, 1834, Jacquard ya rasu a garin Oullins kusa da Liyon, yana da shekara 82. A 1840 aka kafa gunkinsa a birnin.

Gadon da Ya Bari

A 1839 aka saƙa hotonsa da siliki, aikin da ya ci katuna 24,000, wanda saboda kyansa mai kallo kan ɗauka bugun inji ne a takarda. Ɗaya daga cikin hotunan nan ya shiga hannun Charles Babbage, masanin lissafi na Ingila, wanda ya tsara injin lissafi da za a riƙa ba shi umarni da katuna irin na Jacquard. A ƙidayar jama'ar Amurka ta 1890, Herman Hollerith ya yi amfani da katuna masu huji wajen tattara alƙaluma, kuma kamfaninsa na cikin waɗanda suka haɗu suka zama IBM.

Daga nan dabarar ta komo masana'anta ta wata ƙofa. A ƙarshen shekarun 1940 wani Ba'amurke mai suna John Parsons, mai ƙera fukafukan jirgi mai saukar ungulu, ya yi amfani da injin katuna wajen lissafa wuraren da za a yanka ƙarfe. A 1952 cibiyar fasaha ta MIT ta nuna injin sassaƙa ƙarfe wanda ke karɓar umarni daga tef mai huji. A 1961 kamfanin General Motors ya sa mutum-mutumin inji na farko aiki a masana'antarsa, yana ɗauko ƙarafa masu zafi daga wurin zubi. A yau galibin masana'antu sun daina huda kati. Injiniya kan zana abin da yake so a kwamfuta, ita kuma ta mai da zanen lambobi, ta aika wa injin yanka ko na walda ko na fenti. Ita ma masaƙar shadda kwamfuta ce ke zaɓar mata zare. Amma tushen bai sauya ba: umarni daban, inji daban, kuma duk umarnin yana komawa ga abu biyu, ɗaya da sifiri, kamar dai huji da rashinsa.

Kammalawa

Tarihin Jacquard yana nuna cewa babbar ƙirƙira ba aikin mutum ɗaya ba ce, domin wasu sun share masa fage, wani kuma ya gyara abin da ya rage. Yana kuma nuna cewa inji na iya ɗauke wa yaro wahalar jan igiya, amma ba ya yanke hukunci a kan wanda zai ci ribar sauƙin da aka samu. Wannan hukunci yana hannun mutane. Masaƙan Liyon sun tayar da maganar a 1831, kuma duk inda aka girka sabon inji mai sarrafa kansa aka sallami ma'aikata, maganar ce dai ake sāke tayarwa.