Dorugu: yaron ƙasar Kance da Hausarsa ta zama sana'arsa

A watan Maris na 2025 ne kundin sake gina ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Takarda ta faɗi nata, amma duk wanda ya taɓa neman aiki a wani biro a Damagaram ko a Yamai ya san da wane ma'auni ake auna ƙwararre: Faransanci mai santsi, kwat da karabat, da iya ɓoye karin harshen garinsu. Shekaru fiye da 170 da suka wuce, wani yaro daga ƙasar Kance ya shiga aiki da Turawa, ya yi kusan shekara 60 a cikinsa, kuma abin da ya ba shi daraja a wurinsu shi ne ainihin abin da ake cewa a bari a gida. Sunansa Dorugu.

An haife shi wajajen 1840 a Dambanas, wani ƙauye kusa da Kance. Mahaifinsa manomi ne kuma makaɗi. Zamanin ba na kwanciyar hankali ba ne ga talakan karkara. Damagaram tana ƙarƙashin Shehu Umar na Barno, tana aika gaisuwa Kukawa, kuma bayi na cikin manyan hajojin da ke fita daga kasuwar Zinder zuwa gabas da arewa. Baturen Ingila James Richardson, wanda ya sauka a birnin a farkon 1851, ya ga yadda ake fita samame ƙauyukan kudu a dawo da mata da yara. A irin wannan samame aka watsa gidan su Dorugu. Aka kama shi yana ɗan shekara 11 ko 12, aka bi da shi ta Zinder, ya wuce daga hannu zuwa hannu har ya tsinci kansa a Kukawa.

A can ya haɗu da Adolf Overweg, Bajamushen da mutanen Barno ke kira Tabib, wanda ya zagaya tafkin Cadi da wani jirgin ruwa da aka ɗauko gunduwa-gunduwa a bayan raƙuma tun daga Tarabulus. Dorugu ya fara da kula da raƙuma. Overweg ya fanshe shi, shi da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya rasu a bakin tafkin a watan Satumba na 1852, yaran biyu suka koma hannun abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim.

A ƙarshen Nuwamba na shekarar suka bar Kukawa, suka iso Zinder ranar 25 ga Disamba, suka zauna fiye da wata guda Barth yana jiran kuɗi da kaya daga arewa. Yaron da aka ratsa da shi garin yana bawa ya dawo cikinsa yana ɗa. Daga nan sai Katsina, sai Wurno wurin Sarkin Musulmi Aliyu, sai Gwandu. Suka ƙetare Kwara a Sayi, suka shiga Tumbuktu ranar 7 ga Satumba 1853.

Wannan zangon na ƙarshe ne ya gwada shi. Da suka kusanci ƙasashen da ke ƙarƙashin Fulanin Hamdallahi, Barth ya ɓoye cewa shi Nasara ne, ya riƙa cewa sharifi ne daga gabas mai ɗauke da littattafai zuwa ga shehin Tumbuktu. Duk barorinsa sun san gaskiya. Kalma ɗaya a bakin rijiya ko a rumfar kasuwa ta isa ta hallaka ayarin, kuma Dorugu bai wuce shekara 13 ko 14 ba. Kalmar ba ta fita daga bakinsa ba. A Tumbuktu ma, da asiri ya tonu aka riƙa neman a kori baƙon ko a kashe shi, watanni suka yi ta shuɗewa suna zaune a inuwar Shehu Ahmad al-Bakkay, yau a cikin gari gobe a zangonsa na bayan gari. Ba a koya wa Dorugu riƙon amana a wata lakwal ba, da shi ya zo daga gida.

Dawowa ta ɗauke su ta Kano zuwa Kukawa a ƙarshen 1854, sannan suka hau hanyar Bilma da Murzuk suka isa Tarabulus a watan Agusta na 1855. A watan Satumba suna Landan. Barth ya kai su har Hamburg, garin iyayensa, da niyyar daga baya ya maida su gida.

Nan ne wani mutum ya shigo, kuma ba don shi ba da yau ba mu san muryar Dorugu ba, ko da yake shigowar tasa ba ta rasa abin zargi. James Frederick Schön ɗan mishan ne, haifaffen Jamus, ya bi jirgin Ingila da ya hau Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther. Ya koyi Hausa a bakin ƴantattun bayi a Saliyo, har ya buga ɗan littafin kalmomi a 1843, amma bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Rashin lafiya ya maida shi Ingila, ya zauna a Chatham yana limancin wani asibitin sojan ruwa. Da ya ji akwai Bahaushe a ƙasar, sai ya riƙe yaran a gidansa. Barth ya fusata ƙwarai, don ya ɗauki alkawarin maida su, kuma rigimar ta daɗe tsakanin mutanen biyu. Abbega ya koma Afirka a 1857, daga baya ya zama mai garin Lakwaja. Dorugu ya zauna har 1864.

A gidan Schön aka yi masa baftisma aka sa masa suna James Henry. James sunan mai gidan ne, Henry kuwa shi ne Heinrich a bakin Ingilishi. Wato an ɗora masa sunayen iyayen gidansa biyu, aka bar wanda uwarsa ta san shi da shi a ƙarshe. Ya koyi Ingilishi, ya koyi karatu da rubutun boko. Wanda ya tsaya a nan zai ce yaron ya narke ke nan. Sai dai a duba aikin da aka riƙe shi dominsa. Ingila cike take da masu jin Ingilishi, Schön ba ya bukatar ƙarin ɗaya. Abin da babu a duk tsibirin shi ne wanda zai ce masa Bahaushe ba ya faɗin haka, ga yadda ake faɗi. Kowace safiya da Dorugu zai zauna gaban teburin nan, jarinsa shi ne Hausar Dambanas, da tatsuniyoyin da ya ji da dare a tsakar gida, da karin magana, da sunayen itatuwa da kayan noma. Da ya manta su don ya burge masu gida, da ranar aikinsa ya ƙare.

Daga wannan zama aka sami fassarar wasu littattafan Linjila a 1857, da nahawun Hausa na 1862, da ƙamus na 1876, da kuma littafin Magána Hausa na 1885, wanda ya ƙunshi tatsuniyoyi da labarai da tarihin rayuwar Dorugu kamar yadda ya shifta wa Schön yana ɗan shekara 16 ko 17. A 1877 cibiyar masana ta Faransa ta ba Schön kyautar Volney saboda aikinsa a kan Hausa, a 1884 jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa. Schön bai ɓoye taimakon yaron ba, ya ambace shi a rubuce. Amma sunan da ke bangon littafi da wanda aka kira a wurin ba da kyauta ɗaya ne, kuma ba na ɗan Kance ba ne. Masu aikin tafinta da masu raka ƴan bincike ƙauyuka a yau sun san wannan rabon.

Labarin rayuwar nan shi ne wurin da ya kamata a daɗe. Barth ya rubuta tafiyarsa a manyan littattafai 5 da suka fito a 1857 da 1858, cike da awon hanya da sunayen sarakuna da tarihin dauloli. Dorugu ya ba da labarin tafiya ɗaya daga bayan raƙumi: yunwa, ƙishirwa, tsoro, abin da aka ci, wanda ya yi kirki da wanda ya yi rowa. Da ya iso Turai kuma bai sauya ido ba. Yadda Barth ya zauna yana kallon Kano yana rubuta al'adunta, haka Dorugu ya zauna yana kallon Ingila. Ya bayyana liyafar cin abincin dare ta manyan gida dalla-dalla, yadda ake shiga ɗakin ci bibbiyu, namiji riƙe da hannun matar da ba tasa ba, da yawan cokula da wuƙaƙe, da yadda mata ke tashi su bar maza a kan tebur. Bai yi ba'a ba, bai kuma yi rawar kai ba. Ya faɗe shi ne kamar yadda matafiyi ke ba mutanen garinsu labarin wata ƙabila mai nata tsarin. Ma'auninsa na abin da yake daidai da abin mamaki yana nan inda ya baro shi, tsakanin Kance da Zinder.

Akwai wata riba da shi kansa bai yi tsammani ba. Haruffan Schön ba su bambanta k da ƙ ko d da ɗ yadda muke yi yanzu, kunnensa ma yakan kuskure. Duk da haka masana harshe na komawa ga waɗannan shafuka don su ji yadda Hausar wannan yanki take a tsakiyar ƙarni na 19, kafin rediyo da makaranta su daidaita bakin mutane a kan Kananci. Karin harshen da wani zai ji kunyarsa a biro shi ne ya zama shaida.

A 1864 ya koma, ya sauka Lakwaja, mahaɗar Kwara da Binuwai, inda likita William Baikie ya kafa zango. Shekarun da suka biyo baya ya yi su ne yana tafinta ga Turawa iri-iri, ƴan mishan da matafiya da ma'aikata. Matafiyin Jamus Gerhard Rohlfs, wanda ya ratso daga Barno a 1867, ya haɗu da shi.

Kada a ɗauka aikin tafinta a wancan zamani kujerar hutu ce. Mai tsayawa tsakanin mai bindiga da mai ƙasa kowane ɓangare na zarginsa. A Zinder ɗin nan, lokacin da aka kashe kyaftin Cazemajou a 1898, tare da tafintansa Olive aka kashe shi. A 1906 kuma, da Faransawa suka ce sun gano makirci suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa, cikin waɗanda aka kama har da attajiri Malam Yaro da tafinta Ali Diallo. Akwai tafintocin da suka maida harshe biyu hanyar cin zalin talaka, har sunan sana'ar ya ɓaci a bakin jama'a. Dorugu ma ba a wajen wannan tarihi yake ba. Turawan da ya yi wa hidima a tsufansa ba baƙi masu neman izinin sarki ba ne kamar Barth, masu mulki ne da suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Iyakar da Ingila da Faransa suka ja a shekarun nan ta bar Kance a hannun Faransa, shi kuma yana ɗaya gefen.

Aikinsa na ƙarshe koyarwa ne. Hanns Vischer, haifaffen Basel a ƙasar Suwis, ya ƙetare sahara a 1906 daga Tarabulus zuwa Barno ta Murzuk da Bilma, wato hanyar da Dorugu ya bi shekara 51 kafin nan, sai dai shi ya nufi kudu. A 1909 ya buɗe makarantar gwamnati a Nasarawa, bayan ganuwar Kano, da sharaɗin a koyar da Hausa, ɗalibai su zauna da rigunansu da rawunansu. Yana bukatar wanda ya iya rubuta Hausa da boko, kuma irin waɗannan ba su da yawa. Ya ɗauki Dorugu, tsoho mai kusan shekara 70, ya riƙa koya wa malamai da ƴaƴan sarakuna haruffan da shi ya koya a Chatham. A 1912 Vischer ya buga ƙa'idojinsa na rubutun Hausa, waɗanda suka zama ɗaya daga cikin tubalan rubutun da ake karanta wannan shafi da shi. A cikin shekarar Dorugu ya rasu a Nasarawa.

Matar Vischer, Isabelle, ta ambace shi a littafin tunawa da ta buga da Faransanci a 1917. Da aka buɗe kayansa bayan rasuwarsa, an sami tabarau masu yawa, da kuɗin da ya tara, da tufafin Turawa waɗanda bai taɓa sawa ba. A 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar da labarin rayuwarsa da Ingilishi tare da bayanai, daga nan ne masu tarihi suka fara lissafa shi a matsayin mai ba da labari, ba baran Barth kawai ba.

Gidan ƙasa da Vischer ya zauna a Nasarawa yana nan a Kano har yau, ana kai baƙi su gani. Ana kiransa Gidan Ɗan Hausa, don laƙabin da Kanawa suka ba mutumin Basel ke nan saboda iya harshen da ya yi.