Musa bin Maimun: Malamin Yahudawa kuma likitan fadar Masar da ya ƙara wa sunan Musa nauyi

A cikin sunayen maza da suka zo ta hanyar Ibrananci, kaɗan ne suka zagaya duniya kamar Musa. Yahudawa na kiran sa Moshe, Turawan Ingila Moses, Larabawa da Hausawa kuwa Musa. Bayan Annabi Musa (AS), babu wani mai wannan suna da Yahudawa suka fi girmamawa kamar Musa bin Maimun, wanda Turawa suka sani da Maimonides, mutanensa kuma ke taƙaita sunansa su ce Rambam. An haife shi a Ƙurɗuba ta Andalus, cikin Sifen ta yau, wajajen shekarar 1138, ya rasu a Masar a 1204. Tsakanin waɗannan shekaru ya ɗanɗana gudun hijira da karayar arziki, ya shugabanci al'ummarsa, ya yi likitancin fada, ya kuma bar littattafan da har gobe ake karantawa.

Asalin sunan

Attaura ta danganta sunan Moshe da wata kalmar Ibrananci mai nufin tsamowa, domin daga ruwa aka tsamo jaririn da mahaifiyarsa ta sa a cikin kogi don tsoron Fir'auna. Malaman tafsiri irin su Ɗabari sun ruwaito cewa sunan haɗin kalmomi biyu ne na harshen mutanen Masar, ɗaya ruwa, ɗaya itace, saboda a tsakanin ruwa da itatuwa aka tsince shi. Masana harsuna na wannan zamani sun fi karkata ga wata tsohuwar kalmar Masar mai nufin haihuwa ko ɗa, wadda ke cikin sunayen sarakuna irin su Ramsis da Tutmos. Duk bayanin da aka ɗauka, sunan na komawa ne bakin Kogin Nilu.

Abin mamaki shi ne, Yahudawan da ba su cika raɗa wa 'ya'yansu wannan suna ba. A cikin ɗaruruwan malaman da littafin Talmud ya ambata, da ƙyar ake samun mai suna Moshe. Sunan ya yawaita a cikinsu ne bayan yaɗuwar Musulunci, musamman ga waɗanda ke zaune a ƙasashen Musulmi, inda Musa ya zama suna na kowane gida. Alƙur'ani ya ambaci Annabi Musa sau 136, fiye da kowane annabi. Ɗaya daga cikin kwamandojin da suka jagoranci shigar Musulmi Andalus a farkon ƙarni na 8 shi ma Musa ne, wato Musa bin Nusair. A ƙarni na 10 kuma wani malami mai suna Moshe ben Hanok ya shugabanci makarantar Yahudawa ta Ƙurɗuba. Saboda haka lokacin da alƙalin Yahudawan birnin, Maimun, ya sa wa ɗansa Musa, suna ne da maƙwabta na kowane addini suka saba ji.

Daga Ƙurɗuba zuwa Masar

Yaron na da kimanin shekara goma lokacin da Muwahhidun, waɗanda suka taso daga duwatsun Maroko, suka kama Ƙurɗuba a 1148. Sababbin masu mulkin sun soke amanar da Yahudawa da Kiristoci ke zaune a ƙarƙashinta, suka bar musu zaɓi mai ɗaci: ko su bar addininsu, ko su bar gari. Iyalan Maimun suka yi shekaru suna gararamba, har suka sauka a Fas wajajen 1160. A can Musa ya ci gaba da karatun addini, ya haɗa da lissafi, ilimin taurari, falsafa da likitanci. A wannan lokaci ne ya rubuta wasiƙa yana kwantar wa Yahudawan da aka tilasta wa sauya addini hankali, yana mai cewa wanda aka tilasta ba daidai yake da wanda ya fita da son ransa ba, sai dai ya shawarce su da yin ƙaura da zarar sun sami hanya.

Shi ma ya bi shawarar tasa. A 1165 iyalin suka shiga jirgin ruwa zuwa Akka, suka ziyarci Ƙudus da Halil, sannan suka gangara Masar, suka zauna a Fustat, tsohon gari da ke daura da Alƙahira. A 1168 ya kammala sharhinsa na Mishna, tarin dokokin Yahudawa, wanda ya rubuta da Larabci cikin haruffan Ibrananci. A shekarar ce kuma Sarki Amalrik na mayaƙan Kiristocin Turai ya auka wa garin Bilbais, ya kwashi mutane. Musa ya tsaya kan tara kuɗin fansar Yahudawan da aka kama, kuma takardun wannan aiki na cikin tarin tsofaffin rubuce-rubucen da aka gano a majami'ar Ben Ezra ta Fustat. Wajajen 1171, shekarar da Salahuddin ya kawo ƙarshen daular Fatimiyya, aka amince da shi a matsayin shugaban Yahudawan Masar.

Jirgin da ya nutse da dukiyar gida

Musa na da tsattsauran ra'ayi a kan abu guda: bai halatta malami ya mai da ilimin addini hanyar cin abinci ba. Ya rubuta haka, ya kuma soki malaman da ke rayuwa da kuɗin jama'a. Abin da ya ba shi damar zama ya yi karatu shi ne ƙanensa Dauda, falke mai cinikin duwatsu masu daraja, wanda ke juya dukiyar gidan.

Wata shekara Dauda ya bi Nilu, ya ƙetare hamada zuwa Aizab, tashar jiragen ruwa da ke gaɓar Bahar Maliya a yankin iyakar Masar da Sudan. Da ya isa ya tarar babu hajar kirki a kasuwa, sai ya yanke shawarar zarcewa Indiya. Ya rubuto wa yayansa wasiƙa yana sanar da shi, kuma wasiƙar na nan ajiye a ɗakin karatu na Jami'ar Kambirij. Jirgin ya nutse a Tekun Indiya da shi da dukiyar gidan da amanar wasu mutane. Ya bar mace da ƙaramar yarinya. Musa ya kwanta jinya kusan shekara guda, kuma bayan shekara takwas yana ambaton wannan rashi a matsayin mafi girman masifar da ta same shi.

Nan ne aka gwada maganarsa. Ga iyali a wuya, ga jari ya tafi, ga kuma jama'ar da za su yi murna su ɗauki nauyin babban malaminsu. Ya ƙi. Ya rungumi likitanci a matsayin sana'a.

Likitan fada

Sunansa ya fito har ya kai kunnen Alƙali Fadil, wazirin Salahuddin, wanda ya sa shi cikin likitocin fada da albashi. Daga baya ya yi wa Afdal, ɗan Salahuddin, aiki. Marubucin tarihi Ibn Ƙifɗi ya ruwaito cewa wani malami daga Andalus ya zo Masar ya zarge shi da cewa ya musulunta a can sannan ya koma addininsa, laifin da hukuncinsa kisa ne, amma Alƙali Fadil ya yanke cewa musuluntar dole ba ta da inganci a shari'a, ya kori ƙarar.

A wata wasiƙa ta 1199 ya bayyana yadda yininsa ke tafiya. Da sassafe yakan hau dabba zuwa fada a Alƙahira, ya duba sarki da 'ya'yansa da matan gida da manyan ma'aikata. Ba ya komowa Fustat sai bayan rana ta karkata, a gajiye kuma da yunwa, ya tarar da zaure cike da marasa lafiya, Yahudawa da waɗanda ba Yahudawa ba, manya da talakawa. Sai ya ɗan taɓa abinci, wanda shi ne kaɗai na yini, ya yi ta duba su har dare, wani lokaci yana kishingiɗe saboda gajiya. Ranar Asabar kaɗai ta rage masa don koyar da jama'arsa.

Duk da haka ya rubuta littattafan likitanci kusan goma da Larabci, a kan asma, basir, guba da makarinta, da kiwon lafiya. Ya dogara da Jalinus na Girka da likitocin Musulmi, ya kuma fi ƙarfafa rigakafi: cin abinci daidai ciki, motsa jiki, iska mai kyau da kwanciyar hankali.

Littattafai biyu da suka jawo masa suna da suka

Wajajen 1180 ya kammala Mishne Tora, aikin shekara goma cikin juzu'i 14, inda ya tsara dukkan dokokin addinin Yahudawa babi babi da Ibrananci mai sauƙi, domin mai neman hukunci ya same shi ba tare da ya nutse cikin muhawarar Talmud ba. A cikinsa ne ya jera matakai takwas na sadaka. Mafi ƙasƙanci shi ne bayarwa da ɓacin rai. Sama da shi akwai bayarwar da mai bayarwa da mai karɓa ba su san juna ba. Mafi ɗaukaka kuwa shi ne a ba mutum jari ko rance, ko a yi tarayya da shi a ciniki, ko a samo masa aiki, har ya daina miƙa hannu.

Wajajen 1190 ya fitar da Dalalatul Ha'irin, wato jagoran masu ruɗewa, saboda ɗalibin da ya karanta falsafar Aristotal ya rasa yadda zai daidaita ta da nassi. Ya amfana da Farabi da Ibn Sina da Ibn Bajja, ya kuma tsaya kan cewa Ubangiji ba Shi da jiki, don haka ayoyin Attaura masu ambaton hannu ko fuska ba a ɗaukar su a kan zahirinsu. Wasu malaman Yahudawa sun zarge shi da fifita hankali a kan al'adar magabata, rigimar ta ci gaba bayan ransa, har aka ƙone littattafansa a kudancin Faransa wajajen 1232. Wannan bai hana malamin Kirista Tomas Akwinas kafa hujja da shi ba.

Abin da ya bari

Ya rasu a Fustat cikin Disamba 1204. Kabarinsa na Ɗabariyya, kuma rubutun da ke wurin na nuna cewa tun daga Musa na farko ba a sake yin kamarsa ba sai wannan. Ɗansa Ibrahim, wanda aka haifa a 1186, ya gaje shi a shugabanci da likitanci. A Ƙurɗuba akwai mutum-mutuminsa, gwamnatin Masar kuma ta gyara majami'ar da ke ɗauke da sunansa a Alƙahira a 2010.

Sunan ya ci gaba da fitar da manya a cikin Yahudawa, irin su Moshe ben Nahman na Sifen da Moses Mendelssohn na Jamus. Shekara 120 bayan rasuwar ɗan Maimun, a 1324, wani Musan ya ratsa Alƙahira da zinariya a hanyarsa ta Makka, wato Mansa Musa na Mali. A ƙasar Hausa kuwa har laƙabi sunan ya samu, Kallamu, daga Kalimullahi. Hausawa na cewa suna linzami ne. Ɗan Maimun ya gaji suna mai nauyi, ya kuma riƙe shi da ilimi da sana'ar hannunsa, bai taɓa karɓar lada a kan karantarwar addini ba har ya koma ga Mahaliccinsa.