Cruz Lizárraga: Ɗan ƙauyen da ya fitar da kiɗan banda kunya

A jihar Sinaloa da ke arewa maso yammacin Meziko akwai wani ɗan ƙauye, El Recodo, kusa da birnin Mazatlán na bakin teku. A nan aka haifi Cruz Lizárraga a 1918. Yau sunan ƙauyen ya zagaye duniya, kuma albarkacin wannan mutumin ne.

A lokacin ƙuruciyarsa, ba a ɗauki kiɗan banda a bakin komai ba. Kiɗan talakawa ne, na bikin ƙauye da mashaya, masu yinsa kuwa kallon 'yan shiririta ake musu. Mahaifinsa ma bai so ɗansa ya bi wannan hanya ba. Amma yaron ya kafe, ya koyi busa kilarinet, wadda jikinta ya yi kama da algaita. A 1938, yana ɗan shekara 20, aka kafa ƙungiyar da ta zama Banda El Recodo, shi ne kuma ya ja ragamarta har ƙarshen rayuwarsa.

To, mene ne banda ɗin? Kusan badujala ce. Tushenta kayan busa ne da Turawa, musamman Jamusawa 'yan kasuwa, suka shigo da su ta Mazatlán a ƙarni na 19, tare da kiɗan rawa irin su polka. Mutanen karkara suka karɓa, suka juya shi ya zama nasu. Babu garaya ko jita a ciki. Kilarinet ke jan waƙa, ƙahonnin tagulla suna amsawa, tuba mai ƙatuwar murya tana riƙe ƙasa, sai babbar ganga tambora da ƙaramar ganga tarola suna ba da taki. Mutum goma sha wani abu ne ke hawa dandamali lokaci guda.

Abin da Don Cruz ya sa a gaba shi ne mutunci. Ya ɗinka wa mutanensa kaya iri ɗaya, ya tsare su da horo, don kada a ƙara raina su. A shekarun 1950 suka fara naɗar faifai da kamfanin RCA Victor, abin da ya kai kiɗan ƙauye kunnen mutanen birni. Daga baya shahararren mawaƙi José Alfredo Jiménez ya yi faifai tare da su. An daɗe banda tana busa da kiɗa zalla, sai wajen ƙarshen shekarun 1980 El Recodo ta ɗauki mawaƙa nata na dindindin, irin su Julio Preciado da ya shigo daga baya. Nan fa kasuwa ta buɗe, har cikin 'yan Meziko mazauna Amurka.

Ya mutu a watan Yunin 1995, yana da shekara 76. Galibi ƙungiya irin wannan takan watse da mutuwar mai ita, amma tasa ba ta watse ba. Ɗansa Germán ya karɓa, daga baya Alfonso da Joel suka ci gaba. Har yau ana mata kirari da uwar dukkan banda, kuma sunan Don Cruz na nan a jikin sunanta. Sana'ar da aka so hana shi ita ce yanzu abin alfaharin Sinaloa.