Ahmadou Kourouma: hajar da Paris ta ƙi, Kanada ta saya

Ƴan kasuwa maza da mata, kun san zafin a kasa kaya tun safe har la'asar ba wanda ya taya. Haka ta faru ga Ahmadou Kourouma, marubucin Kodebuwa, da littafinsa na farko.

An haife shi a 1927 a Boundiali, arewacin ƙasar, cikin ƙabilar Malinke. Ya yi soja a Indochine ƙarƙashin Faransa, sannan ya karanta lissafin asurans a Lyon. A 1963 gwamnatin Houphouët-Boigny ta kama shi tare da wasu bisa zargin shirya juyin mulki. Shi an sake shi, abokansa suka ci gaba da zaman kaso. Takaicin nan ne ya sa ya ɗauki bik.

Littafin, Les Soleils des indépendances, labarinku ne. Fama ɗan sarauta ne, tsohon attajiri da ya karye bayan samun ƴancin kai. Matarsa Salimata ce ke riƙe da gida da saida kunu da shinkafa ga ma'aikata, ga kuma damuwar rashin haihuwa.

Da ya aika da rubutun Paris, gidajen buga littattafai suka mayar masa, har da gidan Seuil. Laifinsa shi ne ya lanƙwasa Faransanci yana tafiya kamar Malinkanci. Kourouma bai jefar da takardunsa ba, kasuwa ya sake. Lokacin yana aiki a Aljeriya, ya ji mujallar adabi ta jami'ar Montréal a Kanada, Études françaises, ta buɗe gasa, sai ya tura. Shugaban mujallar, Georges-André Vachon, ya ga haja mai kyau, amma ya nemi a rage sassan da suka yi kama da rahoton siyasa. Kourouma ya yarda ya gyara. Ya ci gasar, aka buga littafin a 1968.

Sai ga gidan Seuil ya dawo neman abin da ya ƙi. Ya sayi izinin bugawa da tamma guda ta kuɗin Faransa, ya fitar da littafin a 1970.

Duk da haka Kourouma bai saki sana'arsa ba. Ya ci gaba da aikin asurans a Kamaru da Togo, sai 1990 littafinsa na biyu, Monnè, outrages et défis, ya fito. A 2000 ya samu kyautar Renaudot da Allah n'est pas obligé, labarin yaron da aka sa soja a yaƙin Laberiya da Saliyo. Ya rasu a Lyon a 2003.

Iyaye, in kuna da yaro mai cika kaye da rubutu bayan an rufe shago, kada ku yi masa dariya. Ku ba shi labarin nan: ya riƙe sana'a, ya karɓi gyara, in kasuwa ɗaya ta ƙi shi ya ɗauki kayansa ya ci wata.