Babban Gwani Muhammadu Durugu

Muhammadu Durugu, wanda wasu ke kira Malam Mika'ilu, shi ne maginin da ya fi shahara a ƙasar Hausa a ƙarni na 19. Saboda ƙwarewarsa aka yi masa laƙabi da Babban Gwani, sunan da wata unguwa a birnin Zariya ke amsawa har yau.

Babban aikinsa shi ne Masallacin Juma'a na Zariya, wanda ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834–1846). A lokacin, matsalar magina ita ce azara, wato itacen giginya da ake rufi da shi, ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan ɗaki ya cika faɗi. Babban Gwani ya ɗaga ginshiƙai da tubali, ya jera azara hawa-hawa cikin ƙasa har suka lanƙwasa suka haɗu a sama. Wannan shi ake kira bakan gizo. A kansa ya ɗora tulluwa, sai masallaci ya sami sarari da tsawo.

Tarihin baka ya nuna a Birnin Gwari aka kashe shi bayan ya gina masallaci, don kada ya yi wa wani sarki irinsa.

Yau siminti da kwano sun mamaye gini. Wajibi ne malamin Hausa ya koyar da kalmomi irin su makuba, indararo da zanko, domin idan suna ya ɓace, ilimin da ke cikinsa kan bi shi.