Uwa Maybelle Carter: Gita Ɗaya, Aikin Mutum Biyu

Da yawanmu mun tashi muna jin Jim Reeves da Don Williams a rediyo. Yau za mu duba rayuwar matar da ta share wa gita hanya a irin waɗannan waƙoƙi na karkarar Amurka.

An haifi Maybelle a shekarar 1909 a yankin duwatsu na jihar Bajiniya. A 1926 ta auri Ezra Carter. A watan Agusta na 1927, tana da tsohon ciki, ta bi A.P. Carter, wan mijinta, da matarsa Sara zuwa garin Bristol, inda aka ɗauki muryoyinsu a faifai karo na farko.

A lokacin, yawanci gita rakiya kawai take yi wa goge. To, su uku ne rak, babu mai goge. Sai Maybelle ta riƙa fitar da karin waƙa da babban yatsa a kan tsirkiyoyi masu kauri, ɗan ali kuma yana share sirara domin riƙe kiɗa. Mai sauraro sai ya ɗauka mutum biyu ne. Ta kuma ƙaru da Lesley Riddle, wani makaɗi baƙar fata. Wanda ya saurari Wildwood Flower ta 1928 zai ji salon sarai. Da dama daga waƙoƙinsu na sujada ne.

Bayan ƙungiyar ta watse, ta ci gaba da 'ya'yanta uku, Helen, June da Anita, har suka shiga dandalin Grand Ole Opry a 1950. Da kasuwar irin waƙoƙinsu ta ja baya, ba ta ji kunyar kama aikin jinya na dare ba. Ita da mijinta sun tsaya wa Johnny Cash sa'ad da ƙwaya ta kusa hallaka shi, kuma a 1968 ya auri June.

Ta rasu ran 23 ga Oktoba, 1978. Matasanmu masu kaɗa gita a ƙungiyar mawaƙan ikkilisiya, ga abin koyi: hannun da ya riƙe kiɗa daidai shi ke ɗauke da muryoyin jama'a duka.